Zoben Alkawari: Tarihinsa a Cikin Ikilisiya da Darasinsa ga Masu Hidima

Gabatarwa

A yawancin ikilisiyoyinmu na birni, da wuya a ɗaura aure yau ba tare da zobe ba. Tun kafin ranar aure ma, samari da yawa sukan ba budurwa zoben tashi, wanda wasu ke kira zoben alkawari. Saurayi yakan shiga kasuwa neman zobe, ya ji farashi, ya dawo gida jiki a sanyaye. Wani ya ci bashi, wani ya ɗaga ranar aure, wani kuwa ya ajiye 'yar mutane a ɗakinsa ba a ɗaura ba, yana jiran ranar da zai sami kuɗin biki. Tun da yake mu ne muke tsayawa gaban jama'a muna sa wa zobe albarka, ya kamata mu san inda al'adar ta fito, da su wa suka ƙera zoben, da kuma matsayin da Ikilisiya ta ba shi a zamanai dabam dabam.

Tarihi zai nuna mana abu guda a fili. Ikilisiya ta karɓi zobe a matsayin shaidar alkawari, ta kuwa girmama shi, amma ba ta taɓa ɗora ingancin aure a kan tsadarsa ba. Koyarwar da ta ce ana auna ƙauna da kuɗin zobe daga bakin 'yan kasuwa ta fito, kuma ba ta kai shekara 100 da kafuwa ba.

1. Zobe a cikin Littafi Mai Tsarki

Babu inda Littafi Mai Tsarki ya umarci a ba da zobe wajen tashi ko wajen ɗaurin aure. Duk da haka yana da abubuwa da yawa da zai koya mana game da kayan ado.

Labarin da ya fi kusa da batunmu yana cikin Farawa 24. Da baran Ibrahim ya sadu da Rifkatu a bakin rijiya, ya ba ta zoben zinariya mai nauyin rabin shekel da mundaye biyu masu nauyin shekel goma. Shekel ɗaya kimanin giram 11 ne, wato zoben bai kai giram 6 ba. Aya ta 47 ta nuna cewa a hanci aka sa shi. Mu lura da yadda abubuwa suka bi juna. Kyautar bakin rijiya ba ta ƙulla kome ba. Sai da baran ya shiga gida ya yi magana da Laban da Betuwel suka yarda, sa'an nan ya fito da sauran kayan azurfa da zinariya da tufafi, ya kuma ba ɗan'uwanta da mahaifiyarta nasu. Bayan wannan duka aka kira Rifkatu aka tambaye ta ko za ta tafi, ta ce za ta tafi. Yardar iyaye da yardar yarinya su ne suka ƙulla maganar.

Zoben yatsa kuwa, a Tsohon Alkawari yawanci hatimi ne. Fir'auna ya cire nasa ya sa wa Yusufu (Farawa 41:42). Sarki Ahasurus ya ba Haman nasa, daga baya ya karɓe ya ba Mordekai (Esta 3:10, 8:2). Wanda ke riƙe da hatimin mutum yana riƙe da sunansa da ikonsa. Saboda haka ana iya ba da shi jingina, kamar yadda Yahuza ya bar wa Tamar hatiminsa har ya aiko da ɗan akuyan da ya yi alkawari (Farawa 38:17-18). Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita a nan don jingina ta shiga Helenanci ta zama arrabon, wato kafin alƙalami, kuɗin da mai saye yake bayarwa don tabbatar da cewa zai biya sauran. Manzo Bulus ya ɗauki wannan kalmar kasuwa ya bayyana Ruhu Mai Tsarki da ita sau uku (2 Korantiyawa 1:22, 5:5, Afisawa 1:14). A Helenancin yau kuwa, daga wannan kalma ce ake kiran tashin aure da zobensa.

Game da aikin maƙeri, Littafin Fitowa ya nuna mana fuska biyu. A sura 31 Allah ya cika Bezalel da Ruhunsa domin ya yi aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙar duwatsu masu daraja. A sura 32 Haruna ya tara 'yan kunnen jama'a ya yi ɗan maraƙi na zubi. A sura 35 maza da mata suka kawo zobba da 'yan kunne da son ransu domin aikin alfarwa. Zinariyar iri ɗaya ce, zuciyar masu bayarwa ce ta bambanta. Haka a Sabon Alkawari, uba ya sa wa ɗansa da ya tuba zobe don ya maido masa da matsayinsa (Luka 15:22), amma Yakubu ya tsawata wa ikilisiyar da ke ba mai zoben zinariya kujera mai kyau tana barin matalauci a tsaye (Yakubu 2:2-4).

2. Zoben baƙin ƙarfe na Romawa

Al'adar ba budurwa zobe ranar tashi daga Romawa muka gāje ta. A wurinsu tashi yarjejeniya ce tsakanin gidaje biyu a gaban shaidu, saurayi kuma yakan ba da zobe shaida. Marubucin nan Filiniyus Babba, wanda ya mutu a shekara ta 79 bayan haihuwar Almasihu, ya rubuta cewa har a zamaninsa zoben da ake aika wa budurwa na baƙin ƙarfe ne, ba dutse a kansa. A lokacin Roma ta cika da dukiya, amma alamar alkawari ta kasance abin da kowane maƙeri zai iya yi.

Masu bi na farko sun tarar da wannan al'ada, ba su kuwa yi watsi da ita ba. Wajen shekara ta 197, Tartuliyan na Kartej a Afirka ta Arewa ya yabi matan Romawa na dā, waɗanda ba su san zinariya a jikinsu ba sai a yatsa guda, wanda ango ya sa wa zoben tashi. Kusan a lokaci guda Kilemen na Iskandariya, wanda ya yi faɗa sosai da yawan ado, ya yarda mace ta sa zobe guda domin ta riƙa buga hatimi a kan kayan gidanta. Ya kuma ba da shawara kan abin da maƙeri zai zana a hatimin mai bi: kurciya, ko kifi, ko jirgin ruwa, ko molo, ko anka. Ya hana zanen gumaka da takobi da baka da ƙoƙon shan giya. Wannan misali ne mai kyau na yadda ubannin Ikilisiya suka yi da al'adar da suka tarar: sun tsabtace ta, suka ba ta sabuwar ma'ana.

A daular Rum ta Gabas, a ƙarni na 6 da na 7, maƙera sun riƙa yin zobban aure masu zanen ango da amarya, Almasihu yana tsaye tsakaninsu yana haɗa su, an rubuta kalmar Helenanci mai ma'anar jituwa. Wasu daga cikinsu suna nan a gidajen tarihi har yau. Isidor, bishof na Sebil a ƙasar Sifen, wanda ya mutu a 636, ya koyar da cewa ana ba da zobe don alamar aminci tsakanin su biyu. Ya kuma maimaita tsohon zancen nan cewa akwai wata jijiya da ta tashi daga yatsa na huɗu ta nufi zuciya kai tsaye. Likitoci sun tabbatar daga baya cewa wannan yatsa bai bambanta da sauran ba. Ya kamata mu daina faɗin wannan zance a wa'azin aure kamar gaskiya ce ta ilimi.

3. Amsar da aka ba Bulgariyawa a 866

Rubutun da ya fi muhimmanci a wannan tarihi ya fito ne daga filin bishara. Boris, sarkin Bulgariya, ya karɓi bangaskiyar Kirista, sai ya aika wa Paparoma Nikolas na Ɗaya tambayoyi game da yadda sababbin masu bi za su yi zamansu. A shekara ta 866 Nikolas ya aiko da amsoshi 106, ta ukun kuwa a kan aure take.

Ya bayyana yadda ake yi a Roma. Da farko akan yi tashi da yardar su biyun da ta iyayensu. Saurayi ya sa wa budurwa zobe a matsayin jingina, ya kuma miƙa takardar dukiyar da ya ba ta a gaban shaidun gidaje biyu. Daga baya su zo majami'a da baiko, su karɓi albarka, a lulluɓe su, su fita da rawanin ado a kansu. Bayan ya lissafa waɗannan duka, sai ya ce ba zunubi ba ne idan ba a cika su duka ba, domin talauci yakan hana wasu mutane shirya irin waɗannan abubuwa. Ya ce yardar waɗanda za a aurar ta isa bisa ga doka, idan kuwa babu yarda, duk sauran bukukuwan banza ne.

Mu tsaya mu yi tunani a kan wannan. Shugaban da ya fi kowa iko a Ikilisiyar Yamma a zamaninsa yana magana da mutanen da suka shigo bangaskiya jiya jiya, bai ɗora musu al'adar garinsu a matsayin doka ba, ya kuma tuna da matalauci. Dokokin da suka biyo baya sun ƙara ƙarfi ne a kan bayyana aure a fili. Majalisar Lateran ta Huɗu a 1215 ta umarci a yi shelar aure a majami'a kafin a ɗaura. Majalisar Tirent a 1563 ta ce sai a gaban firist da shaidu biyu ko uku. Abin da Ikilisiya ta nace a kai shi ne yarda da shaidu.

4. Maƙera a cikin tarihin Ikilisiya

Duk tsawon waɗannan ƙarnuka, kowane zobe aikin hannu ne. Mai bukata yakan je wurin maƙeri, su yi magana, a auna yatsa, a auna ƙarfe. Saboda haka amanar maƙeri ta zama babban al'amari, domin mai saye ba ya iya gane zinariyar da aka gauraya da ido.

Ikilisiya tana tunawa da Eligiyus, maƙerin zinariya a ƙasar da ake kira Faransa yau, wanda ya mutu a 660. Labarin rayuwarsa ya ce Sarki Kulotar na Biyu ya ba shi zinariya ya yi masa kujerar sarauta guda, sai ya yi biyu da ita, bai ɓoye ragowar ba. Wannan gaskiya ta ɗaukaka shi a fada. Ya yi ta kashe dukiyarsa wajen fansar bayi, a 641 kuma aka naɗa shi bishof na Noyon. A Ingila, Dunstan, babban bishof na Kantabari wanda ya mutu a 988, shi ma an san shi da aikin ƙira. Amma ba kowane maƙeri ne Eligiyus ba. Shi ya sa a 1300 Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya kafa doka cewa a gwada kayan azurfa a buga musu tambari kafin a sayar. Tambarin da muke gani a cikin zobba yau daga irin wannan doka ya samo asali.

Maƙeran Turai na wancan zamani sun sa tunani a cikin aikinsu. Akwai zobe mai siffar hannuwa biyu suna musafaha. Akwai mai baka biyu da ke rabuwa su kuma haɗu su zama ɗaya. Akwai wanda ake rubuta gajeren zance a cikinsa, inda mai zoben kaɗai ke gani. Darajar waɗannan zobba tana cikin gwaninta da ma'ana, kuma talaka yana iya samun irinsu da azurfa ko tagulla.

5. Gardamar zamanin gyaran Ikilisiya

Masu gyaran Ikilisiya ba su yi baki ɗaya a kan zobe ba. Martin Luta, wanda ya auri Katarina fon Bora a watan Yuni na 1525, ya bar musayar zobba a cikin ɗan littafin ɗaurin aure da ya shirya wa fastoci a 1529. Littafin addu'a na Ikilisiyar Ingila na 1549 ya ce ango ya ba da zobe tare da wasu alamu na zinariya ko azurfa, ya sa shi a yatsa na huɗu na hannun hagu. A bugun 1552 aka cire zinariya da azurfar, aka bar zoben kaɗai.

Amma 'yan tsarkakewa na Ingila, waɗanda ake kira Furitan, sun ƙi zoben. Hujjarsu ita ce ba a umarce shi a Littafi Mai Tsarki ba, kuma yana sa jahili ya ɗauka akwai wani asiri a cikinsa. A 1603 suka kai wa Sarki Yakubu na Ɗaya takardar koke, zoben aure yana cikin abubuwan da suka yi kuka a kai. Sarki bai amince a cire zoben ba. Da suka sami iko, tsarin sujada na Westminsta da majalisa ta amince da shi a 1645 ya fito ba zobe a cikinsa: ango da amarya su kama hannu su yi alkawari, mai hidima ya furta cewa sun zama miji da mata. A 1662 littafin addu'a ya dawo da zobensa. Yohanna Wesli ma, da ya shirya wa 'yan Metodis na Amurka tsarin sujada a 1784, ya cire zoben. Ikilisiyar 'Yan'uwa a Amurka, wadda ta aiko da masu bishara Garkida a 1923, ta daɗe tana koya wa 'ya'yanta sauƙin tufafi da guje wa adon zinariya.

Ikilisiyoyin Otodoks na Gabas kuwa suna musayar zobba a hidimar tashi, kuma a hannun dama suke sawa. Haka ma ma'aurata da yawa a Jamus. Saboda haka idan wani a cikin jama'armu ya tambaya ko laifi ne a sa zobe a dama, tun da al'adarmu ta fi girmama hannun dama, amsar ita ce babu laifi. Idan wata ɗarika ba ta amfani da zobe, auren 'ya'yanta cikakke ne.

6. Yadda daimon ya hau kan zobe

Ana yawan ambaton shekara ta 1477, lokacin da Maksimiliyan na Austiriya ya ba Maryamu ta Burgundi zoben daimon. Wannan sha'anin gidan sarauta ne. A lokacin daga Indiya ake samun daimon, sai a ƙarni na 18 aka same shi a Birazil, kuma ba shi da yawa.

Abin ya sake ne a nahiyarmu. A 1867 aka tsinci daimon kusa da Kogin Orenj a Afirka ta Kudu, a 1871 kuma aka fara haƙa a wurin da ya zama garin Kimbali. A 1888 Sesil Rods ya haɗe ma'adinan a ƙarƙashin kamfanin De Beers, wanda a farkon ƙarni na 20 yake riƙe da kimanin kashi 90 cikin 100 na daimon da ake haƙowa a duniya. Baƙaƙen ma'aikata kuwa akan tsare su a sansani mai shinge har kwangilarsu ta ƙare, ana caje jikinsu don kada su fita da dutse. Da daimon ya yawaita, damuwar kamfani ta zama yadda za a hana farashi faɗuwa. Hanya ɗaya ita ce rage yawan da ake kaiwa kasuwa. Hanya ta biyu ita ce ƙara yawan masu so.

A 1938, bayan karyewar tattalin arzikin duniya ta rage ciniki, kamfanin ya ɗauki kamfanin talla na N. W. Ayer a Amurka. Masu tallan suka sa taurarin fim su riƙa fitowa da daimon, suka cika jaridu da labarin zobbansu, har suka aika masu lacca makarantun sakandare su yi wa 'yan mata magana a kan zoben tashi. A 1947 wata ma'aikaciyarsu, Frances Gerety, ta rubuta taken da ke cewa daimon na har abada ne. Talla ta kuma riƙa gaya wa saurayi adadin da ya kamata ya kashe: da fari albashin wata ɗaya, a shekarun 1980 kuma na wata biyu. A Japan, inda babu wannan al'ada a dā, amaren da ke karɓar zoben daimon ba su kai kashi 5 cikin 100 ba a 1967, amma zuwa 1981 sun kai wajen kashi 60.

Mu lura da abin da ya faru. An ɗauki harshen alkawari madawwami, wanda na Ikilisiya ne, aka liƙa shi a kan haja. Dutsen kuma ya jawo wa Afirka jini. A yaƙin basasar Saliyo daga 1991 zuwa 2002, da kuɗin daimon 'yan tawaye suka sayi makamai, abin da ya sa aka kafa tsarin tantance asalin daimon na Kimbali a 2003. Zinariya ma tana da nata kukan. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara, domin ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. Mai bi da ke sayen kayan ado yana da dalilin tambayar inda suka fito.

7. Yadda zobe ya iso wurinmu

Kakanninmu sun san ado tun kafin Turawa su zo. A ƙasar Hausa akwai maƙeran baƙi masu yin fartanya da gatari, akwai kuma maƙeran farfaru masu yin zobba da mundaye da warwaro da 'yan kunne da azurfa da tagulla. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, tana cikin wuraren da ake cinikinsu. An san Bida da aikin tagulla da na duwatsun wuya na gilashi. An san maƙeran Abzinawa na Agadas da aikin azurfa. Yawancin azurfar dā an same ta ne ta narkar da kuɗin Austiriya masu hoton Sarauniya Mariya Teresa, waɗanda ake bugawa da shekarar 1780. Wata hanyar aikin ita ce zubi: maƙeri ya siffata abin da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya fita, ya zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa, in ya huce ya fasa yumɓun ya gyara da magagari. Tun da sai an fasa mazubin, ba a samun biyu iri ɗaya sak.

Amma zobe ba shi ne alamar tashi a wurinmu ba. A al'adar Hausa akwai na-gani-ina-so, da gaisuwar iyaye, da baiko, da sa rana, ana raba goro shaida. A wasu ƙabilunmu awaki ne, ko fartanya, ko noman gonar surukai. Waɗannan sun yi aikin da zoben Romawa ya yi: jingina ce a gaban shaidu, tsakanin gidaje biyu.

Zoben aure ya shigo tare da tsarin sujadar masu bishara da suka kafa tasoshi a Fategi a 1902, da Wase a 1904, da Zariya a 1905, da kuma dokar aure ta gwamnati, wadda ta fara a Legas a 1884 aka shimfiɗa ta a dukan Nijeriya a 1914. Dokar tana bukatar sanarwa ta kwana 21, da takardar izini, da wurin sujada mai lasisi, da shaidu biyu. Ba ta bukaci zobe ba. Zoben tashi kuwa ya zo daga baya, ta hanyar fina-finai da mujallu, yanzu kuma ta wayar hannu. Matsalarmu ita ce sabon bai maye gurbin tsohon ba. An ɗora zobe a kan sadaki da lefe da farar riga da kek da zauren biki, duk a wuyan saurayi ɗaya.

8. Abin da za mu koya wa jama'armu

Na farko, mu koyar cewa yarda da alkawari a gaban Allah da shaidu su ne ke ƙulla aure. Kada fasto ya ƙi ɗaura aure ko ya ɗaga shi don babu zobe, sai dai a bi tsarin ɗarikarsa da sauƙin hali.

Na biyu, mu maido wa tashi nauyinsa. Yusufu da Maryamu suna cikin tashi ne, amma rabuwarsu sai da saki (Matiyu 1:18-19). Saurayin da ya sa wa budurwa zobe a gaban abokai da masu ɗaukar hoto, iyaye da dattawan ikilisiya ba su sani ba, ya ba da jingina a kan maganar da ba a yi ba. Iyaye su fara sani. Kuma zoben tashi ba izinin kwana tare ba ne. Yana da kyau kowace ikilisiya ta kasance da ƙa'ida a rubuce game da mayar da zobe da sauran kaya idan tashi ya lalace, domin a guje wa rigima tsakanin gidaje.

Na uku, mu ba mai neman zobe shawara mai amfani. Ya yanke abin da zai iya biya ba tare da bashi ba kafin ya shiga kasuwa. Ya tambayi irin ƙarfen. Tsantsar zinariya karat 24 ce, tana da taushi. Tambarin 750 yana nufin karat 18, 585 yana nufin karat 14, 925 kuma azurfa ce mai kyau. Zoben da aka yi wa ruwan gwal kawai zai koɗe, ba laifi ba ne a saye shi, amma kada a biya kuɗin gwal a kansa, kada kuma a ruɗi amarya da shi. A auna nauyin a gabansa, ya karɓi rasit, ya tafi da wanda ya san kaya. A auna yatsa, a kuma tuna da aikin da hannun yake yi kullum, domin zobe mai dutse a tsaye ba ya jure wa wanki da daka da noma.

Na huɗu, mu girmama maƙeran garinmu. Zoben azurfa da maƙeri ya yi a gaban mai shi, aka rubuta suna ko ranar aure a cikinsa, ya fi kusa da zoben da Ikilisiya ta sani shekaru aru aru fiye da wanda aka zubo dubbai daga masana'anta. Kuɗin kuma ya zauna a gari. Ko maƙerin mai bi ne ko maƙwabcinmu Musulmi, mu biya shi hakkinsa ba tare da wulaƙanta aikinsa ba. Masu bi da ke wannan sana'a kuwa mu tuna musu da Bezalel da Eligiyus, da kuma gargaɗin Karin Magana 11:1 a kan ma'aunin algus.

Na biyar, mu kula da bakinmu a kan bagade. Idan muka ɗaga zoben mai kuɗi muna yabon tsadarsa, muka sa na talaka a gurguje, mun faɗa cikin laifin da Yakubu ya tsawata. Addu'a ɗaya ce ta dace da zoben zinariya da na tagulla. Saurayin da ke zaune a bayan majami'a yana lissafin albashinsa yana jin abin da muke faɗa, kuma daga bakinmu zai gane ko aure mai tsarki na irinsa ne.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A Farawa 24, waɗanne abubuwa ne suka ƙulla tashin Rifkatu? Ina matsayin kayan ado a cikinsu?

2. Me ya sa Bulus ya kira Ruhu Mai Tsarki jingina? Ta yaya wannan zai taimake mu yin wa'azi a kan tashi?

3. Kwatanta amsar Nikolas ta 866 da abin da ikilisiyarku take bukata kafin ɗaurin aure. Me za a iya ragewa saboda matalauta?

4. Mene ne alamar tashi a al'adar ƙabilarku? Ana iya amfani da ita a hidimar Kirista, kamar yadda Kilemen ya yi da zoben Romawa?

5. Saurayi ya zo wurinka ya ce zai ɗaga aurensa shekara guda don ya tara kuɗin zobe da biki. Me za ka faɗa masa, me kuma za ka faɗa wa iyayen yarinyar?